Tsakuwar Kwanar Gwiwa

Da yammacin Lahadi aka tsinci Narelle Quilty a ramin da ke ƙasan Kwanar Gwiwa, tsakanin itatuwan turare, babur ɗinta a gefe guda, ita a gefe guda. Direban motar madara ne ya hango jar jakarta ta magani rataye a reshe. Kafin azahar ɗin Litinin kowa a garinmu Burrawin ya san abu biyu: an watsa tsakuwa a kan kwaltar kwanar, kuma likita ya ce ta jima da rai a ramin kafin ta cika.

Narelle ce nas ɗinmu. Babu gidan da ba ta taɓa shiga ba, ko a gari ko a gonakin kan dutse. Ranar ta hau ne ta wanke wa wani tsoho gyambon ƙafa. Da ta gama ta tsaya a shagona, ta sha shayi a tsaye, ta yi mini tsiya a kan sukarin da nake zubawa, ta ɗaura hular kwano ta kama hanyar gari.

Sunana Glenys. Shagon shayina yana can saman dutse, inda hanyar dutse ta haɗu da hanyar kogi. Duk Lahadi masu babur daga birni ke cika mini fili, su hau, su sauka, su sake hawa, suna auna kansu da kwanonin hanyar. Da su nake ci, amma ban taɓa cewa ina son su ba.

Yayana Lyall ne ya fara nuna wa 'yan sanda tsakuwar. Shi ne shugaban 'yan kwana-kwana na sa-kai, da motarsu suka je suka hauro da gawar. Shi ne kuma shugaban ƙungiyar masu babur ta garinmu, mai koya wa sababbi hawa. Da ya ce tsakuwa ce ta kayar da ita, babu wanda ya tambayi komai sai wa ya watsa. Wannan ma kowa yana da amsarsa. Gonar Fergus Treloar ce ta yi iyaka da kwanar, kuma tun da wani babur ya kashe masa karen kiwo yake faɗa a mashaya cewa wata rana zai zuba musu tsakuwa su ji yadda kwalta take.

A daren Litinin aka farfasa masa tagogi. Washegari mai kanti ya ƙi sayar wa matarsa burodi.

Sajan Vukic, 'yar sandarmu, ba ta son abin da ya zo da sauƙi haka. Ta aika a kira Kawu Athol. Ba kawuna ba ne, duk gari haka muke kiransa. Tsoho ne mai bin sawun karnukan daji da ke cinye wa manoma tumaki, a wajen kakarsa ya koyi karatun ƙasa, kuma duk wanda ya ɓata a daji shi ake nema. Idonsa na nesa ya yi rauni har an karɓe masa lasin, don haka ni na ɗauko shi a motata.

"Kin ga rashin adalci ko, Glenys," in ji shi a hanya. "Ina ganin sawun tururuwa, amma sun ce ba na ganin saniya."

Ban yi dariya ba. Bai sake gwadawa ba.

Kwanar Gwiwa ba a ganin bayanta. Dutse ne a ciki, rami a waje. Mai saukowa yana manne da dutsen, mai hawa yana gefen rami. Sajan ta tare hanya, Kawu Athol ya durƙusa a kan kwalta ya kwantar da kumatunsa kusa da ita, ya jima a haka.

"Zo ki gani," ya ce wa Sajan. "Ga inda ƙarfen babur ɗinta ya karce kwalta. Ga tsakuwa. Wanne ke sama?"

Ta duba. "Tsakuwar."

"Da a kanta ta zame, da taya ta share ta, da kin ga wasu sun niƙe a cikin karcen. Waɗannan zaune suke a kai, ko ƙwarzane babu. Bayan ta faɗi aka zuba."

"To me ya kayar da ita?"

Ya bi baƙin layin burki da yatsa. Ya fara daga gindin dutse, daidai hannunta, sai ya karkace kwatsam ya tsallaka farin layi ya nufi rami.

"Yarinyar nan ta fi shekara ashirin tana bin hanyar nan. Ba ta manta kwanar ba. Wani abu ta gani a gabanta, a cikin hannunta, ga dutse a gefe, sai ta kauce waje."

"Dabba ce ta tsallako? Kangaru?"

"Kangaru ba ya zuba tsakuwa."

Ya sauka ramin a hankali, yana riƙe da saiwoyi. 'Yan kwana-kwana sun tattake wurin kaca-kaca. Ya daɗe a ƙasa. Da ya hauro bai ce komai a kan abin da ya gani ba, sai ya tambaye ni ko an yi ruwa ranar Lahadi.

"Yayyafi ne, kafin tsakar rana. Bai daɗe ba."

Ya gyaɗa kai, ya wuce gaban kwanar kaɗan, inda gefen hanya ya yi faɗi, kusa da tarin tsakuwar masu gyaran titi. Can ya tsaya ya kira mu. A cikin ƙasa mai laushi akwai wani sawu guda ɗaya mai zurfi, lanƙwasasshe kamar rabin wata, da ƙananan tudu uku a cikinsa. Ɗigon yayyafi ya yi masa zane.

"Ƙarfen kofaton doki," in ji Sajan. Ta ja tsaki. "Fergus kaɗai ke da doki a nan."

"Haka ne," in ji Kawu Athol. "Mu je mu gaishe shi."

Mun tarar da Fergus yana buga katako a tagogi. Bai ajiye hamarsa ba.

"Kun zo ku ƙarasa aikin?"

"Ina ka je ranar Lahadi da safe?" in ji Sajan.

"Ina cikin tumakina. Je ki tambaye su."

"Ka taɓa cewa za ka zuba tsakuwa a kwanar."

"Na faɗa! Na ce kuma zan harbi firayim minista, shi ma je ki duba ko yana nan." Ya juyo gare ni. "Ke kuma, Glenys, da ke muka yi makaranta. Narelle ce ta zauna da uwata har ta rasu. Ni zan kashe ta? Mutanen da suka jefi gidana, na ga fuskokinsu. Rabinsu na taɓa fitar musu da mota daga taɓo."

Ban iya kallon idonsa ba, don ni ma a zuciyata na riga na yanke masa hukunci.

Kawu Athol bai yi masa tambaya ko ɗaya ba. Ya zagaya baya, ya ɗaga ƙafafun dokin ɗaya bayan ɗaya. Babu ƙarfe a ko ɗaya, kuma kofatan sun nuna an daɗe ba a sa ba.

A mota Sajan ta ce, "To wani dokin ne."

"Doki mai rabin ƙafa guda ɗaya," in ji shi, "wanda bai tako ya zo ba, bai taka ya tafi ba. Ya sauko daga sama, ya dangwala, ya koma. Ba doki ba ne, 'yata. Wani abu mai nauyi aka jingina a wurin. Akwai sawun taya kusa da shi, amma motar kwana-kwana ta bi ta kai ta lalata."

"Babur," na ce. "Ƙarfen da ake kafe shi da shi."

"Wasu kan yi masa walda da faffaɗan ƙarfe don kada ya nutse a laka. Wannan ya yanko rabin ƙarfen kofato ya manna. Tudun nan uku ramukan ƙusa ne."

Daga nan zargi ya koma kan 'yan birni, kuma gari ya ji daɗin haka, don ya fi sauƙin haɗiya. Na tuna wani Anton mai jan babur, wanda ya shigo shagona ranar Lahadin, gwiwar wandonsa a yage. Sajan ta nemo shi, ya zo shagona da kansa ranar Alhamis. Dogon mutum ne mai gemu, malamin makaranta ashe.

"Na faɗi a kwanar, ban musa ba," in ji shi. "Tsakuwar ce ta ɗebe ni. Na tashi na zagi wanda ya zuba, na wuce. Wallahi ban san akwai mutum a ƙasa ba."

"Karo na nawa ke nan da ka bi ta wurin?" in ji Kawu Athol.

"Na biyu. Da sassafe na hau, na sauka, kwalta fes. Da na dawo bayan yayyafi sai ga ta."

"A hawan farko ka tsaya a hannunka?"

Ya shafa gemunsa. "Ba kowace kwana ba. Kowa yana ɗan yankewa in ya ga babu kowa."

"In ya ga," in ji Kawu Athol. "A Gwiwa me ake gani?"

Anton ya sunkuyar da kai. Kawu ya fita ya leƙa ƙarƙashin jan babur ɗin. Ƙarfen kafewarsa siriri ne kamar yadda ya fito daga kamfani.

Da suka tafi, Kawu ya zauna ya juya shayinsa. "Wa da wa suka shigo miki tsakanin tafiyar Narelle da yayyafi?"

Na lissafa. Ma'aurata biyu a mota. Wasu 'yan birni uku, tare suka zo tare suka tafi. Mutum huɗu daga ƙungiyar garinmu.

"Sai Lyall," na ce. "Amma shi ta hanyar kogi ya zo."

"Shi ya faɗa miki?"

"Tun kafin ya cire safar hannu. Ya ce kogi ya cika, ya yi kyau."

"Ya ci wani abu?"

"Gasasshen burodin nama. Bai cinye ba. Me ya kawo wannan tambayar, Kawu?"

"Tsufa," in ji shi. "Yaushe ne jana'izar?"

Ranar Asabar aka binne ta. Lyall ne ya shirya rakiyar babura, ƙungiyar gari da 'yan birnin da suka ji labari, suka bi motar gawa a jere, fitilu a kunne. Shi ya kama gaban akwatin tare da mijinta Warwick. Bayan maƙabarta aka taru a zauren gari don shan shayi. Sajan ta ce filin gaba na motocin iyali ne, masu babur su zagaya baya. An kwana ana ruwa, bayan zauren ƙasa ce mai laushi.

Fergus ma ya zo, shi da matarsa, suka zauna a kusurwa. Kujerun da ke kusa da su babu kowa.

Lyall ya miƙe ya yi jawabi. Ya iya magana, tun muna yara. Ya ce hanyar nan ta kowa ce, ta nas da manomi da baƙo. Ya ce mai babur ya tsaya a hannunsa, ya ɗauka a bayan kowace kwana akwai wani yana zuwa. Ya ce kada kowa ya ɗauki doka a hannunsa, duk da mun san abin da muka sani, ya ɗan waiga kusurwar Fergus. Mutane suka yi gunaguni.

Ni kuwa ta taga nake kallon Kawu Athol. Yana bin babura ɗaya bayan ɗaya, yana durƙusawa, yana miƙewa da ƙyar. Sajan na biye da shi. A wajen wani babban baƙin babur ya durƙusa, bai tashi da wuri ba. Sajan ta kama kan babur ɗin ta ɗan miƙar da shi, suka duba ƙasa tare.

Na san babur ɗin. Na ajiye kofin da ke hannuna.

Sajan ta shigo ta ce duk wanda ya bi hanyar dutse ko ta kogi ranar Lahadi ya ɗan fito baya. Suka fita, Anton da 'yan ƙungiya da Fergus. Sauran mutane ba a kira su ba, amma suka biyo.

Kawu Athol bai ɗaga murya ba. Ya faɗi yadda tsakuwa ta hau kan karce. Ya faɗi yadda ta kauce wa wani da ya shigo hannunta. Sannan ya faɗi abin da bai gaya mana ba ranar.

"A ƙasa, kusa da inda kanta yake, akwai gurbin gwiwoyi kashi biyu. Ɗaya na yamma, lokacin da aka zo ɗaukarta. Ɗaya kuma yayyafi ya sauka a kansa. Wani ya sauka wurinta da safe, ya durƙusa, ya hau. Ya cika hular kwanonsa da tsakuwa ya watsa a kwana. Ya hau babur ɗinsa ya tafi. Ga abin da babur ɗin ya bari."

Sajan ta ɗaga wayarta da hoton sawun, sannan ta tura baƙin babur ɗin gaba kaɗan. A laka ga rabin wata, ga tudu uku.

Kowa ya san na wane ne.

Lyall ya yi murmushi. "Haba, Kawu. Ai na je wurin. Ni na hauro da ita a bayana."

"A motar kwana-kwana ka je da yamma."

"To wata rana ce. Nakan tsaya a wurin."

"An yi ruwa mai ƙarfi daren Asabar ɗin da ta wuce, ya wanke komai. Bayansa sai yayyafin Lahadi. Sawun nan tsakaninsu yake."

Lyall ya juyo gare ni. "Glenys, gaya musu. Ta hanyar kogi na zo."

Duk idanu suka dawo kaina. Wannan mutumin ne ya goya ni zuwa makaranta lokacin da na karye a ƙafa. Shi ya yi mini rufin shago.

"Haka ka ce mini," na ce. "Ban tambaye ka ba, ka faɗa."

Wani daga cikin 'yan ƙungiya ya yi gyaran murya. "Gadar kogi a rufe take ranar, Lyall. Ruwa ya hau ta. Ni na juyo daga can."

Murmushin Lyall ya jima a fuskarsa, babu rai a cikinsa. Sannan ya zauna a kan matakalar zauren, cikin baƙar kwat ɗinsa ta jana'iza.

"Ɗan yankewa kawai na yi," in ji shi. "Sau dubu na bi kwanar nan. Ba a taɓa samun kowa a wannan lokacin ba. Ko taɓa ta ban yi ba."

"Tsakuwar fa?" in ji Sajan.

"Don a ce hatsari ne. Ban ambaci sunan kowa ba."

"Ba ka ambata ba," in ji Fergus daga baya. Matarsa ta riƙe masa hannu. "Ka dai tsaya kana kallo ana jifan gidana."

Anton ya ce, "Na kusa mutuwa a kan tsakuwar nan, malam. Ka san babura nawa suka bi ta kanta?"

Lyall bai kula su ba. "Na yi niyyar kira. A wurin babu sabis, kun sani. Na ce in na isa shago zan kira. Na shiga, ga waya a bango, ga Glenys tana tambayata ko in zuba madara. Sai na ga in na kira za a ce ta yaya na sani. Na ce wani zai gan ta. Babura suna ta wucewa. Na ce dole wani zai gan ta."

Warwick, mijinta, ya ratso mutane. Ɗan ƙaramin mutum ne, makaniki, ba ya son magana. Sajan ta matsa kusa, amma bai ɗaga hannu ba. Ya tsaya a gaban Lyall.

"Da ka sauka, tana magana?"

"Warwick, don Allah."

"Tana magana?"

"Tana yi."

"Ta san kai ne ka shigo mata?"

"A'a. Abin ya zo da sauri, ga gilashin hula. Da na sauka na riga na cire hular." Ya rufe fuska da hannu. "Ta ce, 'Lyall, na gode Allah da kai ne ka zo.'"

Wata mata ta saki kuka a bayana.

"Kai me ka ce mata?"

"Na ce ta kwanta, kada ta motsa, kada ta ɓata ƙarfinta da ihu. Na ce yanzu zan dawo."

Warwick ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa abin da ya lalace a mota. Ya juya ya shiga zauren ya rufe ƙofa.

Sajan ta tafi da Lyall ta gefen zauren. Da zai shiga mota ya kira sunana. Ban waiwaya ba. Mutane suka watse a hankali, kowa yana kallon ƙasa. Biyu ko uku suka nufi wajen Fergus da hannu a miƙe. Ya sa nasa a aljihu, ya ce wa matarsa su tafi, tumaki na jira.

Na mayar da Kawu Athol gida. Dole muka bi ta Kwanar Gwiwa. Masu gyaran titi sun share kwaltar, wani ya ɗaure furanni a jikin ƙarfen gefen hanya. Na rage gudu har motar ta kusa tsayawa.

"Tun yaushe ka sani?" na ce.

"Tun da kika ce bai cinye abincinsa ba na fara tsoro. Ban sani ba sai yau. Na so a ce na yi kuskure, Glenys."

Muka wuce kwanar. Akwai tambayar da ke raina, na san in ban yi ta yanzu ba, ba zan sake samun ƙarfin yi ba.

"Ramin ba shi da zurfi sosai. Da ta ja jiki zuwa inda babu itatuwa, da an hango ta daga hanya."

"Da an hango ta."

"Za ta iya?"

"Ƙafa ɗaya ce ta karye. Hannuwanta lafiya. Jinin da ke zuba a cikinta ne ya ɗauke ta a hankali." Ya goge gilashin idonsa da gefen riga. "Na duba ƙasar wurin da kyau. Ta gyara kwanciya, ta tara ganye ta yi matashi, ta juya fuskarta wajen hanya. Daga nan ko taku ɗaya ba ta matsa ba. Ta ji maganar Lyall."